Layar Kakana da Yaƙin Garwa

A gidanmu da ke Garwa akwai wata tsohuwar laya da ake ajiyewa cikin adaka. Tun ina yaro ake gaya mini cewa kakan mahaifina ya ɗaura ta ranar da aka gwabza da Jamusawa, ya dawo gida ko ƙwarzane babu. Na yarda da ƙarfinta shekara da shekaru.

Yaƙin kam an yi shi. A watan Satumba na 1901 Ingilishi suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fice da jama'arsa. A watan Nuwamba ya kara da Jamusawa a Garwa, aka rinjaye shi. A Janairun 1902 ya sake tara runduna a kusa da Marwa, inda Hans Dominik ya tarbi mahaya dawakai da bindiga mai ruwa. Mutane da yawa suka kwanta dama.

Wata rana na tambayi kawuna: "Kawu, waɗanda suka mutu fa, ba su da layu?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai kowa da tasa ya fita."

Nan lissafinmu ya karkace. A ce mutum 100 sun fita da laya, 60 sun dawo. Gidaje 60 za su adana layunsu, su ba jikoki labari. Layun sauran 40 an binne su tare da masu su, ba mai ba da shaidarsu. Kafin a ce laya ta yi aiki, sai an san nawa suka dawo cikin waɗanda suka fita babu ita.

Sojojin Amurka sun fuskanci irin wannan tarko a Yaƙin Duniya na Biyu, wajen duba ramukan harsashi a jikin jiragen da suka dawo. A 1943 masanin lissafi Abraham Wald ya nuna cewa dole a sa jiragen da aka kakkaɓo cikin lissafi, domin inda harbi ya fi kisa, jirgin ba ya dawowa balle a gani.

Har yau bokaye na sayar wa matasa maganin bindiga, hujjarsu kuwa wane da ya tsira. Layar tana nan, ina girmama ta don mai ita. Amma da ɗana ya nemi in ba shi, labarin waɗanda ba su dawo ba na fara ba shi.