Gajeren Adireshi da Mai Riƙon Rajista: Daga Mai Wurno zuwa Farautar Taska

Tun da daɗewa ɗan Adam yake neman hanyar faɗin wuri da kalmomi kaɗan. Dogon kwatance yana gajiyar da baki, yana kuma ɓatar da mai saurare. Sai dai duk adireshin da aka gajarta yana jingine ne da wani wanda ya riƙe cikakken bayaninsa, ko mutum, ko hukuma, ko kamfani. Tarihin ƙauyukan Hausawa na Sudan da tarihin wani wasan zamani na neman ɓoyayyar taska sun haɗu a kan wannan gaɓa.

A watan Yuli na 1903 sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Wurno, ya ja ragowar masu hijira suka nausa gabas. Bayan 'yan shekaru suka yada zango a bakin kogin Bulu Nil, kudu da Sinnar, daura da ƙauyen Shaihu Ɗalha. Garin da suka kafa ya ɗauki laƙabin jagoransa, bisa tsarin nan na Hausa na ɗora "mai" a kan suna, kamar yadda ake gani a Maigatari da Mai'aduwa. Alhazan ƙasar Hausa da ke tafiya Makka a ƙasa ba su bukatar dogon kwatance. Da an ce musu Mai Wurno, sun san inda za su sami masauki da masu jin harshensu. Cikin waɗannan kalmomi biyu akwai Wurno ta ƙasar Sakkwato, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu, akwai kuma labarin Burmi. A bakin Larabawan Sudan sunan ya koma Mayirno, kuma wanda bai ji labarin ba, ba zai hango Wurno a cikinsa ba.

Gajartawa ta biyu ta hukuma ce. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babban shirin noman auduga na Jazira, tsakanin Bulu Nil da Farin Nil. An yanka ƙasar daki-daki. Kowane fili mai faddan 90 ana kiransa "nimra", wato lamba, kuma ƙaramar magudanar da ake kira Abu Ishirin ce ke shayar da shi. A cikin nimra akwai gonakin manoma, kowace ana ce mata "hawasha". Da sunan magudana da lambar nimra jami'i zai kai ga gonar mutum cikin shirin da daga baya ya kai kusan faddan miliyan 2, domin hedikwatar shirin da ke Barakat, kusa da Wad Madani, tana riƙe da rajista.

Amma rajistar ta gonaki ce da masu riƙe da su. Hausawa da yawa, tare da mutanen Darfur da Cadi, sun shiga Jazira ne a matsayin 'yan ƙodago masu tsinkar auduga. An zaunar da su a sansanonin gefen magudanai da ake kira "kambo", jam'i "kanabi", kalmar da aka aro daga Ingilishi. Zaman da aka ɗauka na wucin gadi ne ya kai jikoki, alhali kanabi da yawa ba su da takardar mallakar fili, balle makaranta ko asibiti. Gonar auduga ta sami lamba, gidan mai tsinkarta bai samu ba.

Gajartawa ta uku ta faru ne nesa da Sudan. A farkon Mayu na 2000 gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS da farar hula ke amfani da ita. Ranar 3 ga watan, Dave Ulmer ya ɓoye bokiti da 'yan kayayyaki a jihar Oregon, ya wallafa lambobin da ke nuna wurin, ya ce a nemo. Wasan farautar taska ke nan, wanda ake kira jiyokashin. A Satumba na shekarar Jeremy Irish ya buɗe Geocaching.com don jera taskokin. Na'urorin GPS na lokacin da yawa ba su karɓar sunan wuri da ya wuce haruffa 6, saboda haka aka ba kowace taska lambar da ta fara da GC, sannan alamomi 4. Tsarin farko ya ƙare a GCFFFF, wato 65,535. A 2003 aka koma amfani da alamomi 31, aka cire I, L, O, S da U, waɗanda ido ke iya rikita su da wasu. A ƙarshen 2006 wannan ma ya cika, aka ƙara alama ɗaya. Daga baya kamfanin ya samar da gajeren adireshin coord.info, wanda in aka liƙa masa lambar GC zai kai mutum ga cikakken bayanin taskar, maimakon dogon adireshin da ba mai iya haddacewa.

Gajeren adireshin intanet ba ya ɗauke da komai a cikinsa, sai dai ya tura tambaya ga rumbun kamfanin da ya yi shi. Google ya buɗe goo.gl a 2009, ya daina ba da sababbin adireshi a 2019, sannan ya sanar cewa daga Agusta 2025 zai kashe waɗanda aka daina amfani da su. Duk wanda ya buga irinsu a littafi ko takardar bincike, ya bar wa mai karatu ƙofar da wani ke riƙe da mabuɗinta.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilu 2023 ya isa Wad Madani a Disamba na shekarar, ya tarwatsa mutanen Jazira da Sinnar, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun ba da rahoton hare-hare a kan mazauna kanabi a Janairu 2025. Mai gudun hijirar da gidansa bai taɓa shiga rajista ba zai sha wuya ranar da zai dawo ya ce nan ne wurina. Hausawa na cewa mai tambaya ba ya ɓata, amma sai in akwai wanda ya san amsa. Saboda haka ɗalibin da ke tattara sunayen ƙauyukan Hausawa na Sudan ya rubuta kowane suna tare da asalinsa, da wanda ya kafa wurin, da garin da ke kusa da shi, da yadda mazaunansa suke furta shi da bakinsu.