Tekun da Ya Taɓa Kwanciya a Ƙasar Dingyadi

Manomin da ke huɗa a Dingyadi, ko mai haƙar rijiya a Shagari, a kan shimfiɗar tsohon teku yake aiki. Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, ruwan gishiri ya ratso Sahara ya malale wannan yanki. Da ya janye sai ya bar yumɓu, wanda masana suka raɗa wa sunan Dange, maƙwabciyar Boɗinga, da kuma dutsen farar ƙasa na Kalambaina, wanda ake ƙonawa a yi siminti a Sakkwato.

John Falconer ya wallafa littafinsa kan duwatsun Arewacin Nijeriya a 1911. A 1930 aka bayyana ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku da aka tono a lardin Sakkwato, kuma a 1972 aka sa mata suna Goronyosaurus, don garin Goronyo.

Ƙashi ya tabbatar da teku, amma bai faɗi abin da ya sa ƙasa ta lotsa har ruwa ya samu wurin zama ba. Nan lissafi ya shigo. Tun 1822 Joseph Fourier na Faransa ya tsara yadda zafi ke ratsa abu. A 1978 Dan McKenzie na Jami'ar Kambirij ya nuna cewa idan ɓawon duniya ya miƙe ya yi siriri, dutse mai zafi kan taso daga ƙasa. Yana hucewa yana ƙara nauyi, sai doron ƙasa ya riƙa nutsewa sannu a hankali.

Inda cikin ƙasa yake da sarƙaƙiya, wannan lissafi ya fi ƙarfin alƙalami. Sai a yanka cikin ƙasa gida-gida a kwamfuta, kowane gida da zafinsa da taurinsa, yana miƙa zafi ga na kusa, kamar yadda ruwa ke bi daga fangali zuwa fangali a lambu. Shekara miliyan kan wuce cikin mintoci.

Masanan Nijeriya sun bi ta wata hanya a kwarin Sakkwato. Jiragen sama sun auna maganaɗisun ƙasa, kuma da yake dutse mai maganaɗisu kan rasa ƙarfinsa a zafin digiri 580, daga awon ake ƙiyasta zurfin da zafi ya kai haka. Aiki ne mai daraja, sai dai ƙiyasi ne daga sama. Abin da zai gaskata shi shi ne ma'aunin zafi da aka zura cikin rijiyar burtsatse mai zurfi, kuma ya kamata a riƙa yin wannan awo duk inda aka haƙa irinta tsakanin Boɗinga da Shagari.