Ruwan Masana'antu da Kare Halittu a Bompai, Sharaɗa da Challawa

Gabatarwa

Allah Ya albarkaci Jihar Kano da kasuwanci da masana'antu, kuma mafi yawan manyan kamfanoninmu suna cikin rukunai uku ne: Bompai, wadda ta fi daɗewa domin tun zamanin Turawan mulkin mallaka aka fara kafa kamfanoni a cikinta; Sharaɗa, wadda aka kasa kashi uku; sai Challawa da ke kan hanyar Panshekara a Ƙaramar Hukumar Kumbotso. A waɗannan wurare ne ake jimar fatu, da sarrafa robobi, da yin sabulu, lemon kwalba da kayan abinci, ko da yake masaƙu da dama sun rufe.

Kowane kamfani yana shan ruwa, kuma yana zubar da ruwa. Mun shirya wannan bayani ne domin jama'ar karkara, da dagatai, da masu unguwanni, da ma'aikatan ƙananan hukumomi su san inda wannan ruwa yake bi, da abin da yake ɗauke da shi, da kuma abin da doka ta ɗora wa kowa.

Inda Ruwan Yake Bi

Birnin Kano yana kan tudu ne wanda ya raba ruwansa gida biyu. Ta arewa, ruwan Bompai yana shiga rafin Getsi, shi kuma ya haɗu da kogin Jakara, su gangara zuwa madatsar ruwa ta Wasai a Ƙaramar Hukumar Minjibir.

Ta kudu kuwa, rafin Salanta da na Tatsawarki ne ke kwashe ruwan Sharaɗa tare da na unguwanni irin su Gandun Albasa, Gyaɗi-Gyaɗi da Na'ibawa, su zuba shi a kogin Challawa, wanda dama shi ke karɓar ruwan rukunin masana'antu na Challawa. A wajen Tamburawa wannan kogi yake haɗuwa da kogin Kano, kuma a nan ne Hukumar Samar da Ruwan Sha take da babbar matatar da ke ba birni ruwa. Daga nan kogin ya wuce Wudil, ya shiga Jihar Jigawa, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, sannan ya bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Ashe ke nan abin da aka zuba a kwatar Sharaɗa ko ta Na'ibawa yana iya komowa gare mu ta bakin famfo, ko ta kifi da ganyen da muke saya a kasuwa.

Abin da Ruwan Yake Ɗauke da Shi

Majeman gargajiya na cikin birni da bagaruwa da toka suke aiki. Kamfanonin jima na zamani kuwa suna amfani da gishiri mai yawa, da farar ƙasa, da sinadarin salfayid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai domin tuge gashi, sai kuma sinadarin kromiyam wanda shi ke mayar da fata shuɗiya. Kromiyam da dalma ba sa ruɓewa kamar shara. Suna kwantawa ne a cikin laka da ƙasar noma, su daɗe, tsirrai da kifaye su riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada kromiyam ya wuce miligiram 0.05 a kowace lita ta ruwan sha, dalma kuma kada ta wuce 0.01.

Har ila yau akwai tsokar fata, da kitse, da ragowar abinci. Idan suka ruɓe a cikin rafi sai su shanye iskar da kifi ke shaƙa. Abin ya fi muni da rani, lokacin da ruwan kogi ya ja baya, babu wanda zai tsarma dattin, kuma a daidai lokacin ne manoman rani ke jan ruwan rafukan suna ba latas, kabeji, alayyahu da karas.

Halittun da Abin Yake Shafa

Idan muka ce kare halittu, muna nufin dukkan abin da Allah Ya halitta mai rai a cikin ruwa da gefensa, domin kowannensu yana riƙe da wani. Ƙananan ƙwarin ruwa su ne abincin ƙarfasa da tarwaɗa, kifi da kwaɗi su ne abincin zalɓe da shamuwa, sannan kwaɗi da ƙananan kifaye suna cinye tsutsar sauro. Rafin da ya mutu kuwa, sauro ne ke gadonsa. Haka nan gishirin majema yana kashe ƙasar fadama, ya raunana itatuwan da ke riƙe gaɓar kogi.

Fadamun Haɗeja da Nguru mafaka ne ga dubban tsuntsaye masu ƙaura daga Turai a lokacin sanyi. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Manyan Ayyukan Gine-gine

Ba masana'antu kaɗai ke taɓa ruwa ba. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa Goj da ke Ƙaraye wadda aka kammala a 1992, sun kawo noman rani da ruwan sha, amma sun sauya yadda kogin ke cika da damina ya janye da rani. Saboda ruwa ya koma gudana duk shekara, ciyawar kachala ta samu wurin zama a ƙasar Haɗeja, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa jihohi shida, wato Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato, suka haɗu a Damaturu a 2006 suka amince da kafa asusun kula da wannan kogi.

Darasin ya shafi ayyukan zamaninmu, kamar hanyar Abuja zuwa Kano, da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, da bututun gas daga Ajaokuta wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Irin waɗannan ayyuka suna buƙatar yashi, da tsakuwa, da jar ƙasa masu yawa. Ɗiban yashi ba ƙa'ida yana zurfafa kogi, gaɓa ta zaizaye, rijiyoyin gefe su ƙafe. Ramin da aka bari ba a cike ba yana cin yara da dabbobi da damina, ƙaramin kwalbati kuma yana mayar da ruwa cikin gonaki.

Abin da Doka ta Tanada

Bayan an gano guba da aka shigo da ita daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988, Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA. A 1991 aka fitar da ƙa'idojin da suka wajabta wa kowace masana'anta tace ruwanta kafin ta sake shi. Doka mai lamba 86 ta 1992 ta hana fara babban aiki sai an binciki illarsa ga muhalli, kuma ana ajiye rahoton binciken na tsawon ranakun aiki 21 a sakatariyar ƙaramar hukumar da abin ya shafa domin jama'a su duba su faɗi ra'ayinsu. Tun daga 2007 hukumar NESREA ce ke tabbatar da bin waɗannan dokoki, kuma a 2009 aka yi ƙa'idoji na musamman ga masaƙu da majemu. A matakin jiha, Ma'aikatar Muhalli ce ke sa ido.

Kamfanin da ya cika ƙa'ida yana tace gashi da tsoka da rariya, ya ware ruwan kromiyam daban domin a kwantar da sinadarin a sake amfani da shi, ya hura wa sauran ruwan iska, ya busar da lakar ya kai ta inda hukuma ta keɓe, sannan ya riƙa gwada ruwan yana ajiye sakamako.

Abin da Ake Buƙata Daga Gare Mu

1. Idan aka ga ruwan rafi ya koma baƙi, shuɗi ko ja, ko yana kumfa, ko kifi na mutuwa, a sanar da mai unguwa ko dagaci nan take, a rubuta rana da lokaci da wuri.

2. Dagaci ya isar da ƙorafin a rubuce ga hakimi da sashen duba-gari na ƙaramar hukuma, su kuma su miƙa wa Ma'aikatar Muhalli da ofishin NESREA.

3. Kada a ci kifin da aka tsinta a mace, kada a shayar da dabbobi a bakin kwatar kamfani, kuma kada a kai lakar majema gona da sunan taki.

4. Shugabannin ƙananan hukumomi su sanar da jama'a da Hausa idan an kawo rahoton binciken wani aiki, tun wa'adin bai ƙare ba.

5. Kafin a ba ɗan kwangila wurin ɗiban ƙasa ko yashi, a rubuta yarjejeniyar cewa zai cike ramin ya dasa itatuwa.

6. Mazauna Na'ibawa da kewaye, da 'yan kasuwar katako da ta 'yan lemo, da masu gareji, su daina zuba shara da baƙin mai a magudanan ruwa.

Daga ƙarshe, muna kira ga masu kamfanoni da su tuna cewa ma'aikatansu ma daga wannan kogi suke sha. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya ƙara wa jiharmu lafiya da arziki.