Abdou Moumouni ɗan Tasawa: mun riƙe sunansa, ina muka kai gardamarsa?

Ranar 7 ga Afrilu 1991 Allah ya yi wa Farfesa Abdou Moumouni Dioffo rasuwa a Yamai, kuma a 1992 aka sa wa jami'ar ƙasa sunansa. Yau duk ɗalibin da ya samu bakaloriya a Tasawa ko Mayahi ya san sunan nan. In ka tambaye shi aikin mutumin, galibi zai ce maka masanin makamashin rana ne. Haka ne, amma akwai saura. Marigayin mutum ne da ba ya shakkar ja da masu iko, kuma babban faɗansa a kan makarantar 'ya'yanmu ya yi shi.

An haife shi a Tasawa ranar 26 ga Yuni 1929. Ya yi karatu a Damagaram da Yamai, ya wuce makarantar William Ponty ta Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da akawunan mulkinta, daga nan sai Paris. A can ya shiga sahun waɗanda suka kafa FEANF, ƙungiyar ɗaliban Afirka da ta tsaya kai da fata a kan neman 'yanci. A 1956 ya ci babbar jarrabawar malanta ta Faransa a fannin kimiyyar fiziks, wadda a lokacin da wuya a ga baƙar fata ya ci ta.

Da wannan takarda, da ya so, da ya zauna lafiya ya ci albashi. Sai ga ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958. Gine ta ce a'a ga tayin Janar de Gaulle, Faransa ta kwashe ma'aikatanta don ta durƙusar da ƙasar. A Nijar, Sawaba ta Djibo Bakary ta nemi a ce a'a, aka kayar da ita. Abdou Moumouni ya bi sahun malaman Afirka irin su Joseph Ki-Zerbo, ya tafi Konakiri ya kama alli. Bayan haka ya yi nazarin makamashin rana a Tarayyar Sobiyet, ya yi aiki a Bamako, sai a 1969 ya dawo gida ya shugabanci ONERSOL, daga baya kuma jami'ar Yamai.

Gardamarsa mafi zafi tana cikin littafin da ya fitar a 1964, L'éducation en Afrique. Ya nuna cewa tun kafin zuwan Nasara muna da tarbiyya wadda take haɗe da rayuwa: yaro yana koyon noma a gona, ƙira a maƙera, ladabi a gaban kowane babba na gari. Lakwal ɗin mulkin mallaka kuwa an gina ta ne don ta fitar da 'yan tsirarun akawu da tafinta, shi ya sa ranar da Nijar ta samu 'yanci a 1960 yaran da ke aji ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Bai kuma ƙyale sababbin shugabanni ba, domin ya ga sun gaji tsarin sun ci gaba da shi. Abin da ya nema shi ne a koyar da yaro da harshen da ya sha a nono, a haɗa karatu da aikin hannu.

Al'adarmu da addininmu sun hore mu da ambaton alherin mamaci, kuma daidai ne. Kuskuren shi ne mu ɗauki gardamar mutum irin wannan a matsayin aibin da za a rufe. Ita ce alherin da ya bar mana. Sa suna a ƙofar jami'a abu ne mai sauƙi, domin suna ba ya neman a sake manhaja ko a buga littafi.

A 1973 an buɗe makarantun gwaji da harsunan gida, aka soma da Hausa a Damagaram, amma shekaru da dama suka shuɗe ba su wuce gwaji ba. A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk da haka, a ƙauyuka irin su Gidan Amumune, abin dubawa shi ne yaron ajin farko: shin yana fahimtar abin da mushe ke faɗa, ko maimaitawa kawai yake yi?

Malamai, ku nemi littafin nan ku karanta, ku yi jayayya da shi inda kuka ga bai dace da zamaninmu ba. Iyaye kuma, a taron iyayen yara na gaba, ku tambayi darakta da wane harshe ake koya wa 'ya'yanku karatun farko, kuma littattafan Hausa nawa ne a ajin. Allah ya jiƙan Abdou Moumouni, ya sa aljanna ce makomarsa.