Ina Mai Gidan? Tarihin Masaukin Baƙo da Gidan Kallo a Ƙasar Kano

A cikin hunturun bara na kai Baffana birni ganin likitan ido. Ƙauyenmu yana kusa da Dambatta, tafiyar ba ta da nisa, amma likita ya ce mu dawo washegari da sassafe. Sai na kama mana ɗaki a wani otal. Ni sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, aiki ya sha kai ni Abuja da Legas, kwanan otal ba ya ba ni tsoro. Baffa kuwa ya haura shekara 70 bai taɓa taka irin wannan wuri ba.

Tun a bakin ƙofa ya ja ya tsaya.

"Kai yanzu duk faɗin Kano ba mu da kowa, sai ɗakin haya?"

Na lallashe shi muka shiga. Yarinyar da ke kan teburin karɓar baƙi ta karɓi katin shaidata, ta rubuta lambar wayata, ta miƙo mini wani ɗan kati a matsayin makulli. Baffa yana kallo. Da muka juya sai ya ce, "To ina mai gidan, mu gaisa?"

Na ce, "Baffa, nan ba a ganin mai gida."

Ya ce, "Gidan da ba mai gida, in wani abu ya taso wa zai tsaya maka?"

Na yi dariya a lokacin. Daga baya na gane tambayarsa ta girme ni, ta girme shi ma. Tambayar fatake ce ta shekaru aru-aru.

Zamanin fatoma

Kano ta san baƙi tun da daɗewa, kuma sunayen unguwanninta shaida ne: Zangon Barebari, Agadasawa, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarabawa, da Dandalin Turawa, inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna, domin a da su ake kira Turawa. A bayan ganuwa kuma ga Fagge, inda ayarin raƙuma ke sauka.

Baƙon wancan zamani a gidan mutum yake sauka. Wannan mutumin shi ne fatoma. Shi zai ba ka ɗaki da tuwo, ya adana kayanka, ya nemo maka mai saye, ya yi maka tafinta, ya tsaya maka idan za a ba ka bashi. Ladansa yana cikin la'adar cinikin da aka ƙulla ta hannunsa. Idan ka ci amana, sunansa ne ya ɓaci. Idan an cuce ka, shi zai kai ƙara. Hausawa sun tafi da wannan tsari duk inda fatauci ya kai su: Salaga da Kumasi a hanyar goro, da Sabo ta Ibadan, inda har tsakiyar ƙarni na 20 masu gidaje ne ke riƙe da cinikin shanu da goro.

Turawan farko da suka zo ganin Kano ma ta wannan ƙofa suka shigo. Hugh Clapperton ya iso a Janairun 1824 ɗauke da wasiƙa daga Barno zuwa ga wani attajirin Balarabe, shi ya zame masa mai masauki. Bai sami Sarki Ibrahim Dabo a gida ba, sai da ya bi shi Fanisau, arewa da birni, inda ya yi sansani saboda rikicinsa da Ɗan Tunku, mutumin da ya yi ƙarfi a yankinmu na Dambatta, wanda masarautar Kazaure ta samo asali daga gare shi.

Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, ya biyo ta Katsina da Bichi ya shiga Kano a Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman. An sauke shi a unguwar Dala, ga zazzaɓi ga bashi. Duk da haka ya hau dutsen Dala ya zana birnin, ya zaga kasuwa ya yi ƙididdiga. Ya kiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300 aƙalla, alhali wuri 50,000 zuwa 60,000 ya isa iyali guda su ci su sha har shekara. Mu masu son lissafi, idan muka raba, za mu ga abin da zai riƙe gida 5,000 zuwa 6,000 ke nan. Tufafin suna kaiwa Timbuktu da Gat da Murzuk har Tarabulus.

Wa ya noma audugar, wa ya kaɗa zaren, wa ya saƙa? Yawanci mutanen karkara ne, a ƙauyukan da ke kewaye da birni, 'ya'ya da bayi, domin gandayen sarki da na attajirai irin na Fanisau da ƙarfin bayi ake noma su. A shekarun 1960, Michael Mortimore, malamin labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi nazarin wannan yanki: gona a jikin gona, ana nomawa kowace damina ba hutu, ga gawo da ɗorawa da kuka a tsaye a ciki, jakuna na kai itace birni suna dawowa da taki. Abin da baƙi suka zo suna yabawa a Kasuwar Kurmi, gumin waɗannan ƙauyuka ne.

Zamanin bariki

Ranar 3 ga Fabrairun 1903 sojojin Ingila suka ci Kano. Sabbin masu mulki ba su daɗe a cikin birni ba, suka koma Nasarawa da Bompai. A garuruwan hakimai kuma aka gina musu masaukin rangadi a gefen gari, nesa da zauren kowa. Sunansa bariki, kalmar da aka aro daga sunan mazaunin soja a Turance. Talakawa ne ke gina shi da gyaransa, akwai sarkin bariki mai kula da shi, kuma idan Bature zai sauka, dagaci ne zai tara itace da ruwa da ƙwai da kaji. Kakata takan ba mu labarin yadda ake bi gida gida ana karɓar ƙwai.

A nan ne abu ya juya. Baƙon fatoma yana ƙarƙashin inuwar mai gida. Baƙon bariki shi ke ba da umarni, ya zo ƙirga kawuna da shanu saboda haraji da jangali, ba wanda ya tsaya masa kuma ba ya bukatar hakan. Sannu a hankali kalmar ta faɗaɗa ta koma nufin duk rayuwar da ke wajen idon dangi, har aka sami ɗan bariki da zaman bariki. Da otal ya zo, sai ya gaji wannan suna. Abin da Baffa ya ji a ransa a bakin ƙofa ke nan.

Otal kuwa hanya ce ta kawo shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka kafa Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. A 1925 jiragen saman sojan Ingila suka sauka a Kano, daga baya filin jirgin Kano ya zama zangon jiragen da ke ratsa Sahara tsakanin Turai da kudancin Afirka. Fasinja mai kwana ɗaya ba ya neman fatoma, ɗaki yake so da abinci da motar da za ta kai shi ya ga marinar Ƙofar Mata da dalar gyaɗa ya ɗauki hoto. Otal ɗin Central da ke kan titin Bompai ya yi suna da irin waɗannan baƙi. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnati ma ta shiga harkar, aka sami otal irin su Daula da na tafkin Bagauda.

Zamanin gilashi

Gidan adana kayan tarihi ɗan'uwan otal ne, domin baƙon da ya kwana yana son abin kallo da safe. A Nijeriya, Kenneth Murray, wanda malamin zane ne, shi aka ɗora wa aikin kula da kayan tarihi a 1943. Aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952 ƙarƙashin Bernard Fagg, mai binciken gumakan Nok, na Legas kuma a 1957. Hukumar da ke kula da gidajen tarihi ta ƙasa a yau an kafa ta a 1979.

A Kano ba a gina sabon gida ba, tsofaffi aka buɗe. Gidan Ɗan Hausa shi ne mazaunin Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. Gidan Makama kuma, wanda ke daura da fadar Sarki, tarihin baka ya danganta shi da Muhammadu Rumfa, da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, an ce a nan ya zauna kafin ya gina gidan sarauta na yanzu. Turawa sun yi ofis a cikinsa bayan 1903, wani sashe ya zama makaranta, wani kuma gidan tarihi.

Can na kai Baffa bayan azahar, don kada zaman ɗaki ya gundure shi. Da farko ginin ya fi ɗaukar hankalinsa: kaurin bango, sanyin soraye ba fanka, yadda aka ɗaure rufi da azara aka tanƙwara bakan gizo. Ya daɗe kansa a sama. Muka ga ƙyauren tsofaffin ƙofofin gari, da makamai, da hotunan sarakuna, da ɗakin amarya da jerensa. Da muka iso wajen kayan sana'a sai ya tsaya cak.

"Wannan ai kayan saƙa ne. Irin na mahaifinmu."

Saurayin da ke zagayawa da mu ya ce, "Baba, kun taɓa yi ne?"

Baffa ya gyara tsayuwa. Ya nuna yadda ake jefa ƙoshiya, yadda ƙafa ke taka abin da ke buɗe zare, yadda ake ɗora dutse a kan kunkuru a ja shi nesa don zaren ya miƙe. Ya ce da rani, bayan an kai amfanin gona rumbu, mahaifinsu da ƙannensa sukan jeru a rumfa suna saƙa fari, ranar kasuwa a naɗe a kai. Saurayin ya ciro waya ya ce, "Baba, don Allah a maimaita, in ɗauka." Wasu 'yan makaranta suka kewaye mu. Mutumin da ya shigo yana ɗari-ɗari, shi ya koma mai bayani.

Ni jikan masaƙin ne, amma ranar na fara jin kalmar kunkuru da wannan ma'ana.

Abin da ya ɓace a hanya

Akwai manyan rigunan Hausa a gidajen tarihi na Landan da Balin da Faris, wasu da aikin aska takwas da ido ba ya gajiya da kallo. Riga ɗaya takan bi ta hannun manomi, da mai kaɗi, da masaƙi, da marini, da maɗinki, da malamin da ya zana, da mai aikin allura, da mabugi. Amma takardar da ke jikin irin waɗannan kaya galibi abin da take faɗa shi ne ƙabila da yanki da ƙarni, sai sunan Baturen da ya kawo. Masu tattara kaya na wancan zamani ba su saba tambayar sunan mai yi ba. Ko a gida, magina kaɗan ne sunansu ya tsira, irin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

A aikinmu na kwamfuta, idan aka ba ka tarin bayanai ba a rubuta daga ina suka fito ko yaushe aka tara su ba, ba ka iya dogara da su, komai yawansu. Haka kayan tarihi. Gilashi yana kare abu daga gara da ɓarawo, kuma wannan babban aiki ne, domin ba don shi ba da ban taɓa ganin masaƙa irin ta kakana ba, tamu ta daɗe da zama itacen girki. Amma abu a cikin gilashi baƙo ne, yana bukatar wanda ya san asalinsa ya tsaya masa. Masu wannan sani suna Minjibir da Bichi da Dambatta da Dawakin Tofa, a zaune a gindin bishiya, kuma kullum raguwa suke yi.

Ba ina kukan a dawo da zamanin fatoma ba ne. Tsarin yana da nasa zalunci, wanda ba shi da hanya ba ya samun masauki, bawa kuma kaya ne a cikin ayari. Otal ya ba mace mai tafiyar aiki da ɗalibi mai zuwa jarrabawa wurin kwana ba tare da roƙon kowa ba. Abin da nake cewa shi ne mun bar wa baƙi yawon buɗe ido, muna ganin gidan tarihi na Turawa ne da 'yan makaranta, alhali kayanmu ne a ciki, kuma rabin labarin yana bakin iyayenmu.

Da muka koma gida, na zauna da Baffa dare uku ina naɗar muryarsa a waya. Na rubuta sunan kakana, da sunayen waɗanda suka yi saƙa tare da shi, da kasuwannin da suke kaiwa, da lokacin da yadin kanti ya sa suka ajiye. Na ɗauki hoton mazarin kakata da wata ƙwarya mai zane da ta rage a ɗakin Inna, kowanne na rubuta mai shi da ƙauye da kimanin shekara. Mai karatu, idan akwai tsoho a gidanku, ka kai shi Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa, ka sa wayarka a caji, ka bar shi ya yi magana.

Baffa dai har yau bai yarda da otal ba. Ya ce gadon da laushi, ruwan da zafi, amma in za mu koma ganin likita, in nemo lambar ɗan abokinsa da ke Fagge.