Metformin

Metformin magani ne da ake sha ta baki domin rage yawan sukari a cikin jini. Shi ne maganin da likitoci suka fi fara bai wa masu ciwon sukari nau'i na biyu, tare da gyara cima da motsa jiki. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ba ya maye gurbin allurar insulin ga masu nau'i na ɗaya.

Tarihi

Asalin maganin yana da alaƙa da wani tsiro mai suna Galega officinalis, wanda aka daɗe ana magani da shi a Turai. An fara haɗa metformin a shekarar 1922. A 1957 wani likitan Faransa, Jean Sterne, ya gwada shi a kan masu ciwon sukari, ya kuma raɗa masa suna Glucophage. Amurka ba ta amince da shi ba sai a 1994.

Yadda yake aiki

Metformin yana rage sukarin da hanta ke zubawa cikin jini, yana kuma taimaka wa jiki ya amfana da insulin ɗin da yake samarwa. Ba ya tilasta wa jiki ƙara fitar da insulin, shi ya sa da wuya ya sa sukari ya yi ƙasa fiye da kima idan shi kaɗai ake sha. Haɗarin hakan yana ƙaruwa idan an haɗa shi da insulin ko glibenclamide. Ƙoda ce ke fitar da maganin ta fitsari, don haka lafiyarta ita ce ginshiƙin shan sa ba tare da cutarwa ba.

Yadda ake shan sa

Galibi akan fara da miligiram 500 sau ɗaya a rana, likita ya riƙa ƙarawa sannu a hankali cikin makonni. Ana shan ƙwayar tare da abinci ko da zarar an gama ci. Akwai nau'in da ke narkewa a hankali, wanda ake haɗiyewa ɗungurungum, ba a tauna shi kuma ba a daka shi. Wanda ya manta bai sha ba, ba ya ninka na gaba. Saukar sukari ba ta nufin an warke. Idan aka daina shan maganin, sukarin kan sake hawa.

Illoli

Illolin da aka fi gani su ne gudawa, tashin zuciya, ciwon ciki, rashin son abinci da ɗanɗanon ƙarfe a baki. Yawanci sukan lafa bayan jiki ya saba. Shan sa na tsawon shekaru yana iya rage bitamin B12, abin da kan jawo ƙarancin jini ko jin tsikari a tafin ƙafa da hannu.

Illa mafi haɗari ita ce taruwar sinadarin laktik asid a jini. Ba kasafai take faruwa ba, amma tana iya kisa. Alamominta sun haɗa da numfashi da sauri, matsananciyar kasala, ciwon tsoka, amai da yawan barci. Mai irin waɗannan alamu yana buƙatar asibiti cikin gaggawa.

Lokutan da ake kauce masa

Ba a bai wa mai ciwon ƙoda mai tsanani metformin, wato wanda gwajin eGFR ya nuna ƙasa da 30. Tsakanin 30 da 45 kuwa akan rage adadin. Haka nan ana guje masa ga mai ciwon hanta mai tsanani da mai yawan shan barasa. Ana auna aikin ƙoda kafin a fara, sannan aƙalla sau ɗaya a shekara.

Akan dakatar da shi na ɗan lokaci idan mutum na fama da amai, gudawa ko zazzaɓi mai zafi har ya kasa ci da sha, domin ƙarancin ruwa a jiki yana raunana ƙoda, maganin ya taru. Ana iya dakatar da shi kafin tiyata, ko kafin ɗaukar hoton da ake yi wa mutum allurar rini mai sinadarin ayodin. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna iya taɓa ƙoda, saboda haka ana son a tuntuɓi likita kafin a haɗa su da shi.

Azumi

Masu shan metformin kaɗai da dama suna iya yin azumin Ramadan, sai dai ana sauya lokutan sha bisa shawarar likita tun kafin watan ya kama. Mai sha sau ɗaya yakan sha da buɗa-baki. Mai sha sau biyu, da buɗa-baki da sahur. Auna sukari da rana da shan isasshen ruwa da dare suna da muhimmanci, musamman a lokacin zafi. Likitoci suna shawartar mai azumi ya karya idan sukarinsa ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, a ma'aunin mg/dL.