Bugun Farko da Sabon Bugu: Nazari kan Ingancin Sautin Faifan Garmaho

Masu tara faifan garmaho sun daɗe suna ja-in-ja: bugun farko ya fi daɗin sauti ko sabon bugu? Wannan nazari na ganin shekarar bugu ba ta isa hujja ba. Abin dubawa shi ne hanyar da sauti ya bi daga tef na asali har zuwa ramin da allura ke bi.

Masu fifita bugun farko suna da hujja mai ƙarfi. A lokacin tef ɗin sabo ne ful, bai sha juyi ba, injiniyan da ya yanka faifan kuma ya san abin da mawaƙi ke nufi. Misali shi ne faifan Led Zeppelin II na 1969, wanda injiniya Robert Ludwig ya yanka. Ya saki amon ƙasa sosai har allurar ƙananan garmaho ta riƙa tsalle, sai kamfanin Atlantic ya sake yanka shi da sassauci. Yau masu neman bugun farkon kan karkata faifan ga haske, su duba filin da ke kusa da takardar tsakiya, ko za su hango haruffan RL, alamar Ludwig.

Amma tsufa ba ya wanke kuskure. Lokacin da makaɗi Miles Davis ya ɗauki faifan Kind of Blue a 1959, na'urar tef ta yi ɗan jinkiri, don haka waƙoƙi uku na fuskar farko a bugun sitiriyo suka fito da sauri kaɗan, muryar kayan kiɗa ta ɗaga. Sai a 1992 aka gyara. A nan sabon bugu ya fi kusa da abin da aka busa a ɗakin ɗauka.

Akwai kuma batun kunne da zuciya. A 2022 ta bayyana cewa kamfanin Mobile Fidelity na Amurka ya shafe shekaru yana ratsa matakin dijital wajen yanka fayafayansa, alhali ƙwararrun masu saurare suna ta yabon su a matsayin tsantsar sautin tef. Wannan ya nuna yadda abin da mutum ya yi imani da shi ke shiga cikin abin da yake ji.

Saboda haka kwatance na gaskiya na bukatar garmaho ɗaya, allura ɗaya, ƙarar sauti daidai, mai saurare kuma bai san wanne aka ɗora ba. Kafin a tambayi shekarar faifai, a tambayi daga wane tef aka ɗauko shi, kuma hannun wa ya yanka shi.